Zancen Asusu: Mu Auna Jini Tun Muna Tsaye



Can Kalifoniya ta Amurka akwai wata unguwa mai katanga, wadda a da ake kira Leisure World, inda tsofaffi masu hali suke zama. A 1981 masana suka aika musu tambayoyi kan cimarsu da harkokinsu na yau da kullum, kusan mutum 14,000 suka amsa. A 2003 aka koma kan waɗanda suka haura shekara 90. Rai na Allah ne, amma binciken ya nuna masu motsa jiki kullum da masu cuɗanya da jama'a sun fi daɗewa.

To, mu a Jiratawa wa zai koya mana motsi? Ga daka, ga ɗiban ruwa, ga tsinkar zogale a fadama. Cuɗanya kuwa, tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ake haɗuwa kowane mako.

Inda suka fi mu shi ne awo. Su suna zuwa likita lafiyarsu lau, mu sai mun faɗi. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mace na cikin aikinta sai a ji ɓarin jiki ya shanye, jarin da ta tara ya tafi a magani.

Shawararmu: mu ciri kuɗi daga asusun taimako mu sayi abin awon tansiyo, ma'aikaciyar lafiya ta koya wa mutum biyu cikinmu. Ranar zubi, kowa ta miƙa hannu. Wadda nata ya kai 14 bisa 9 har sau biyu, ta tafi likita, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe. Gishiri kuma a rage, dunƙulen miya ma gishiri ne.

Mu tada maganar a zama mai zuwa.