Ernie Pyle da Darajar Ƙaramin Soja

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan jarida da dama hedikwatar janar-janar suke kewayawa, domin a can ake jin garin da aka ci da wanda aka rasa. Ernie Pyle kuwa ramukan sojojin ƙasa ya nufa, kuma wannan zaɓi ne ya sa har yau ake karanta rubutunsa.

An haife shi a 1900 a wata gona kusa da Dana, a jihar Indiana. Daga 1935 ya shafe shekaru yana zaga Amurka a mota, yana rubuta wa jaridun Scripps-Howard labarin talakawan da ba wanda ya san da zamansu. A can ya koyi sauraro. Da yaƙi ya kai shi Landan a 1940, daga baya Arewacin Afirka da Sisili da Italiya da Normandi, bai sauya salo ba. Yakan ambaci sunan soja da garinsu, ya bayyana yadda taɓo da sanyi da rashin barci suka galabaitar da shi. Ta haka uwa a ƙauye take sanin irin halin da ɗanta yake ciki.

Masu sukarsa na cewa wannan rubutun tausayi ne kurum, ba ya bin diddigin kurakuran manya. Zancen nasu da ƙamshin gaskiya, domin sai hukumar soja ta tace labaransa kafin a buga, kuma ba kasafai yake ƙalubalantar kwamandoji ba. Sai dai tausayin nasa ya yi aiki. A 1944, daga fagen daga a Italiya, ya yi kira da a ƙara wa sojan da ke bakin wuta albashi, Majalisar Dokokin Amurka kuwa ta amince da ƙarin dala 10 a wata. A shekarar ce kuma ya sami lambar yabo ta Pulitzer.

Maƙalarsa mafi shahara ita ce ta mutuwar Kyaftin Henry Waskow, wadda ta fito a Janairun 1944. Babu wa'azi a cikinta. Ya nuna yadda aka sauko da gawar daga dutse a bayan alfadari da dare, sojojinsa suna matsowa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa ban kwana. Duk wanda ya karanta ya gane tsadar yaƙi fiye da yadda alƙaluma za su fahimtar da shi.

Ranar 18 ga Afrilu 1945 harsashi ya same shi a tsibirin Ie Shima, kusa da Okinawa. A aljihunsa aka tarar da daftarin maƙalar da ya tanada domin ranar ƙarewar yaƙi a Turai. Ana shirin murna, shi kuwa gawawwakin da ya gani birjik a kan tsaunuka da cikin ramuka ne suka tsaya masa a rai.