RA'AYINMU: Matuƙin Jirgin Sama Ma Ɗan Ci-Rani Ne

A 'yan shekarun nan an sha jin kukan masu kamfanonin jiragen sama na Nijeriya cewa ƙwararrun matuƙansu suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. Yau wani kamfani na Ikko ya ɗauke kyaftin ɗin wani kamfani na Kano, gobe kuma Emirates na Dubai ko Qatar Airways na Doha su zo su yi awon gaba da shi ɗungum. Har ta kai ƙwararren matuƙi yakan wayi gari da takardun ɗaukar aiki biyu ko uku a gabansa, ya rasa wadda zai sa wa hannu.

Mun san mai karatu da ke dakon tumatir a kasuwar Mile 12, ko mai sayar da goro a Shagamu, ko mai canjin kuɗi a Sabon Badun, zai ce to shi ina ruwansa da rigimar masu albashin miliyoyi? Da ruwansa ƙwarai. Ranar da aka bugo maka waya da asuba aka ce mahaifiyarka tana kwance rai a hannun Allah a Bukur ko Barikin Ladi, ranar za ka san bambancin tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a sama da tafiyar yini guda cur a mota, ta Lakwaja da Abuja da Akwanga, wadda sau da yawa takan haɗa har da dare. Ko wanda bai taɓa shiga jirgi ba yana so ya san jirgin yana nan, saboda irin wannan rana.

Mu ɗauki Jos misali. Filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang, kudu da birnin, ba ya cikin filayen da jirage ke yi wa rububi. Doka kuwa ta ƙayyade awoyin da matuƙi zai yi yana tuƙi kafin a tilasta masa hutu, saboda haka kamfanin da ya rasa kyaftin biyu ko uku ba shi da ikon ɗora aikinsu a kan waɗanda suka rage. Tilas ya rage zirga-zirga. In kuwa ya tashi ragewa, ba hanyar Ikko zuwa Abuja zai taɓa ba, inda kujeru ke cika tun safe. Hanyoyi irin na Jos ne za su fara ji a jikinsu. Ashe ke nan hannun da kyaftin zai sa a takarda a Ikko yana iya hana jirgi sauka a Filato.

Bugu da ƙari, Heipang wuri ne da ke son gogaggen hannu. Filin yana kan tsauni, kimanin ƙafa 4,200 sama da bakin teku. A irin wannan tudu iska ba ta da kauri, don haka injin ba ya ba da ƙarfinsa duka, fukafukai ba sa ɗagawa da wuri, jirgi kuma yana bukatar doguwar gudu kafin ya tashi, musamman da rana tsaka in zafi ya yi. Ga hazon hunturu mai rufe ido, ga hadarin damina mai taruwa a kan duwatsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Shi kuwa kyaftin ba a dare ɗaya ake yinsa ba. Yaron da ya gama Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, yakan fito da lasin da awoyin tuƙi kimanin 200. Kafin ya cancanci babban lasin da zai ba shi damar shugabancin jirgin fasinja, sai ya tara awoyi 1,500. Kowane irin jirgi kuma da nasa horon dabam, wanda ke cin dubban daloli. Bayan haka a kowane wata shida sai an sake jarraba shi, likita kuma yana duba shi a kai a kai, in ya cika shekara 65 kuwa tilas ya sauka daga wannan kujera. Wanda ya san kwanakin aikinsa ƙididdigaggu ne, kuma ciwon ido kaɗai ya isa ya raba shi da sana'arsa, ba abin mamaki ba ne in ya tsaya ya auna kowane tayi da kyau.

Saboda haka mu ba mu cikin masu cewa matuƙin da ya tafi ba shi da kishin ƙasa. Mu da muka baro Arewa muka zo Kurmi neman abin kai wa bakin salati, da wane baki za mu zarge shi? Abin da ya fito da mai sayar da dankalin turawa daga Bokkos zuwa Ikko shi ne ya kai kyaftin Dubai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa mu muka tsaga shi da hannunmu.

A tuna da kamfanin Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fukafukai, wanda aka kafa a 1958, wanda kuma a farkon shekarun 1980 yake da jirage kusan 30. A 2003 ya durƙushe. Ma'aikatansa, har da matuƙan da suka ƙare ƙuruciyarsu suna yi masa bauta, suka shiga zaryar neman haƙƙinsu, sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta saki Naira biliyan 22 da 'yan kai don biyan wani kashi na bashin. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya ba su ga kwabo ba. Bayan wannan ga Okada, ga Albarka, ga Bellview, ga Chanchangi, ga Air Nigeria da ya rufe a 2012, duk sun tashi sun faɗi. Arik, wanda ya taɓa zama mafi girma a ƙasar nan, sai da hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe ragamarsa a 2017. Daɗin daɗawa, tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, Dalar da gwamnati ke sayarwa Naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 a cikin 2024. Matuƙin da ya ga duk wannan da idonsa, sa'an nan aka miƙo masa albashin waje da ba a cire masa haraji, ga gida, ga taimakon kuɗin makarantar yara, me ake so ya ce?

Amma fa muna da magana da shi ma matuƙin, magana irin ta ɗan ci-rani da ɗan'uwansa. Kada ka dubi albashi kaɗai. Ka tambayi shekara nawa za ka yi kafin ka hau kujerar kyaftin in mataimaki ne kai, domin kamfanoni da yawa sukan sa sabon zuwa a ƙarshen layi kome daɗewarsa a wani wuri. Ka tambayi kwana nawa za ka riƙa yi da iyalinka. Ka tuna a ƙasashen Larabawan nan iznin zamanka a ɗaure yake da aikinka, ranar da aiki ya ƙare zama ma ya kama hanyar ƙarewa. A 2020, da annobar korona ta tsai da jirage, an sallami matuƙa a nan gida, an kuma sallame su a Dubai. Na gida ya koma ɗakinsa, na waje kuwa sai da ya ɗaure kaya. Sa'an nan in kamfani ya kashe kuɗinsa ya horar da kai bisa yarjejeniyar za ka yi masa aiki na wasu shekaru, to alkawari kaya ne. Ko ka cika, ko ka biya. Duk wanda ya tsere da horon da aka ba shi, ƙannensa ya rufe wa ƙofa, don gobe kamfanin ba zai yarda ya horar da wani ba.

Wannan ya kawo mu ga babban abin takaicin. A daidai lokacin da kamfanoni ke kokawa a kan ƙwararru ƙalilan, akwai samari da 'yan mata masu lasin a hannu suna zaune a gida ba aiki, bayan iyayensu ko gwamnatocin jihohinsu sun kashe maƙudan kuɗi a kansu. Kowane kamfani yana son mai awoyi dubu, babu mai son ya ba yaro awa ɗari ta farko. In abin ya ƙi, sai a ɗauko baƙo daga waje a biya shi da Dala. Kowa yana son girbi, ba mai son shuka. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Don haka muna kira ga kamfanonin jiragenmu da su biya albashi a kan kari, su ajiye kuɗin fanshon ma'aikata inda doka ta ce, su kuma bayyana wa kowane matuƙi ƙa'idar ƙarin girma a rubuce. Wanda ya san gobensa ba ya saurin ɗaukar jaka. Muna kira ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya da ta sa ido sosai, duk kamfanin da aka ba iznin kawo baƙon matuƙi a tabbata yana horar da ɗan ƙasa a gefensa, ba a takarda kaɗai ba. Muna kuma kira ga Gwamnatin Jihar Filato da sauran jihohin Arewa, in sun tura yaro Zariya kada su sake shi a tsakiyar kogi. Su ƙarasa masa horon irin jirgin da zai tuƙa, su shirya da kamfanonin da ke sauka a filayensu su ɗauke shi aiki.

Ba za a iya ɗaure matuƙi da igiya ba, kuma bai kamata a gwada ba. Waɗansu za su tafi, kamar yadda muka taho. Abin da ya rage shi ne a gyara gida yadda wanda ya zauna ba zai yi da-na-sani ba, wanda ya tafi kuma zai yi sha'awar dawowa da abin da ya koyo. In an yi haka, ranar da waya ta same ka da asuba, za ka tarar da jirgin Jos a tsaye, da mai tuƙa shi a ciki.