Ma'anar "Wankin Ƙoda"

A Madabo, tsohuwar unguwar malamai ta birnin Kano, an daɗe da sanin cewa kuskuren suna yakan haifi kuskuren fahimta. Haka lamarin yake ga "wankin ƙoda". Ba ƙodar ake wankewa ba. Jini na'ura take tacewa a madadinta, yawanci sau 3 a mako. Majinyacin da ya zaci wanki ɗaya waraka ne, ya daina zuwa asibiti, ya jefa ransa cikin haɗari. Ya kamata hukumomin lafiya su bayyana wa jama'a cewa idan ƙoda ta mutu, dashe kaɗai ke raba mutum da na'urar, aikin da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002.