Kare Ma Yana Koyon Haƙuri

A wannan wata za mu ajiye alli mu leƙa bakin zaure. Gidaje da yawa a zangonninmu suna ajiye kare saboda ɓarayi, amma kaɗan ne ke hora shi. Sai a ɗaure shi da sarƙa, a riƙa jefa masa ƙanzo, in ya yi ɓarna a zabga masa sanda. Ranar da ya kwance kuwa, yarinyar maƙwabta mai tallan ƙosai ce za ta sha cizo.

Horon kare ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Suratul Ma'ida, aya ta 4, ta halatta abin da horarren kare ya kamo, kuma malamai da yawa sun ce alamar horarre ita ce a sake shi ya tafi, a tsawata masa ya tsaya, ya kama zomo bai ci ba. To, dabbar da ke jin yunwa, ga nama a bakinta, ta jira ubangidanta, ai ta san kame kai.

Ga yadda ake farawa, tun yana kwikwiyo ɗan wata biyu. Mu riƙe kwanon abincinsa a sama, mu ce "zauna". In ya zauna, mu sauko da kwanon sannu a hankali. Da ya zabura, sai mu ɗaga kwanon, ba tsawa ba duka. Mu yi ta maimaitawa har kwanon ya taɓa ƙasa yana zaune, sannan mu ce "ci". Da kansa zai gane cewa gaggawa ce ke nisanta abincin. Minti biyar ya isa a zama ɗaya, amma kullum. Tukuicin kuma nan take ake ba shi, domin in an jinkirta ba zai san abin da aka saka masa a kai ba.

Mu da muka yi kwalejin horon malamai mun sha karatun B.F. Skinner, Ba'amurken da ya buga bincikensa a kan ɓeraye a 1938. Ya nuna cewa halin da aka saka wa da lada yakan dawo, kuma ya fi ɗorewa in daga baya ba kowane lokaci ake ba da ladan ba. Saboda haka in kare ya ƙware, wani lokaci ƙashi, wani lokaci shafa kai kawai. (Da ma mun tuna da wannan a aji kafin mu ɗauko bulala.) A ganinmu sanda tsoro kawai take koyarwa, kuma matsoracin kare ya fi saurin cizo.

Inda aka fi samun cikas shi ne mutanen gida. Maigida ya ce "zauna", uwargida ta ce "kwanta", yara kuma su jefa masa loma yana tsalle a jikinsu. A tsayar da kalma ɗaya, kowa ya bi ta. In ya iya jiran kwano, sai a koma bakin ƙofa: kada ya fita sai an ce "tafi". Kafin a kai nan, a tabbata likitan dabbobi ya yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake fara yi tun yana wata uku.