Kowa Ya Gani, Amma Ba Kowa Zai Gyara Ba

Da yawa daga cikinmu 'yan ƙasar Gobir, da zarar mun bar jami'a, aikin akawu ne ke jiranmu, ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko a wata ƙungiyar ba da agaji. A Sabon Birni da Isa kuwa, babban aikin akawu a yau shi ne jera sunaye, watau na 'yan gudun hijira da za a raba wa hatsi, da na manoman da za a ba taki, da na ɗalibai masu neman tallafin karatu. A da littafin rajista ne a kulle cikin kabad. Yanzu jadawali ne a kwamfuta, irin na Excel ko Google Sheets, wanda mutum goma ke iya buɗewa a lokaci guda.

Abin da ke damunmu shi ne an yi wa al'amarin rigar baibai. Hannuwan da ke iya taɓa jadawalin sun yi yawa, idanun da ke iya ganinsa sun yi kaɗan. Tsohuwar da aka koro daga ƙauyensu ba ta da hanyar sanin ko sunanta na ciki, alhali duk wanda aka tura wa adireshin jadawalin yana iya goge ta ya sa ƙaninsa, gari ya waye a rasa wanda za a tuhuma.

Lalle ba na'ura ce ta gaza ba. Google Sheets ya raba izini hawa uku: na mai gani kawai, da na mai yin sharhi a gefe, da na mai gyara. Yana kuma ajiye tarihin canje-canje, da sunan wanda ya yi, da lokacin da ya yi. Amma fa wannan shaida ba ta da amfani in dukkan ma'aikatan ofis da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya suke shiga, kamar yadda aka saba don gudun wahala, domin tarihin zai nuna mutum guda ne ya yi kome, watau ba kowa ke nan. Masu dogara ga kalmar sirrin da ake kulle shafin Excel da ita kuwa, su sani kamfanin Microsoft da kansa ya ce ba don tsaro aka yi ta ba, don hana kuskure ne. Ra'ayinmu a nan shi ne, mai gyara kada ya wuce mutum biyu, kowa da sunansa, shugaban ofis kuma ya haƙura da izinin gani, ko da hakan zai sosa masa rai.

Masu cewa buɗe rajista ga jama'a tonon asiri ne, sai mu tuna musu da Hukumar Zaɓe. A watan Nuwamba na 2022 INEC ta baje rajistar masu zaɓe har mako biyu, a mazaɓu da kuma intanet. Ba wanda aka ba damar canza ko harafi ɗaya, duk da haka mutane suka yi ta zaƙulo hotunan yara ƙanana da sunayen da aka maimaita. Aka cire suna 53,264, rajistar ta tsaya a kan 93,469,008. An sha kunya, gaskiya ne, amma idon jama'a ne ya yi aikin da sufetoci ba su yi ba.

Sai dai ƙasarmu tana da nata sharaɗi, kuma shi ne ya fi nauyi. Wanda aka ba izinin gani yana iya kwafa. Ko mai jadawalin ya toshe hanyar saukewa da bugawa, ba abin da zai hana a ɗauki hoton allon da waya. A yankin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka haraji, inda Sarkin Gobir na Gatawa kansa ya rasu a hannun masu garkuwa da mutane a watan Agusta na 2024, takardar da ta haɗa sunan mutum da lambar wayarsa da yawan shanunsa da kuɗin da ya karɓa, jagora ce ga ɓarawo. Saboda haka jadawali biyu ya kamata a yi. Cikakken ya zauna a hannun masu gyara, na jama'a kuwa ya ɗauki suna da mazaɓa da adadin buhu, ban da waya, ban da lambar asusun banki. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma tana bayan wannan.

Kada kuma mu manta, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. A irin wannan rana, jadawalin da ke intanet ko mai shi ba ya ganinsa. Don haka muna kira ga ƙungiyoyinmu na ɗalibai su fara da kansu: jerin tallafin karatu na bana, a buga na jama'a a takarda, da kwanan wata da sa hannun masu gyaran nan biyu, a manna a ƙofar sakatariya da ta hakimi, a kuma sa mai shela ya karanta ranar kasuwa saboda waɗanda ba su iya boko ba.