RASHIN YARDA DA MUTUM DABAN, HALATTA JININSA DABAN

Jiya bayan Isha'i a majalisarmu aka ɗauko zancen Ƙadiyaniyya, wato Ahmadiyya. Wani yaro da bai kai shekara 25 ba ya ce: "Ai Baba, jininsu halas na." Na tambaye shi ko ya taɓa ganin ɗayansu da ido. Ya ce a'a, a WhatsApp ya ji. Wallahi da wannan magana na kwana.

Kafin wani ya fassara ni: ban yarda da aƙidarsu ba. Annabi Muhammadu (SAW) shi ne cikamakin annabawa, a kan haka na tashi, a kansa nake fatan cikawa. Da'awar Mirza Gulam Ahmad, wanda ya kafa ƙungiyar a Indiya a 1889, cewa shi ne Mahadi kuma Almasihu, malamanmu sun yi mata raddi, Rabiɗa ma ta fitar da matsayarta a Makka a 1974. Wannan aikin malamai ne, da hujja da littafi. Amma wa ya ba ni ko kai sanda da fetur?

Mu dubi Pakistan. A 1974 majalisarsu ta ce ba Musulmi ba ne. A 1984 Janar Ziya'ul Haƙ ya hana su kiran salla da kiran wurin ibadarsu masallaci. An samu lafiya? Ran 28 ga Mayu 2010 aka kashe musu sama da mutum 80 ranar Juma'a a Lahore. Bayan mako biyar, a garin dai, aka tayar da bam a hubbaren Data Darbar da 'yan ɗariƙa ke ziyarta, sama da 40 suka rasu. Wuta ba ta san gidan wanda ya kunna ta ba.

Ba sai an je nesa ba ma. A Janairun 2023, kusa da Dori a Burkina Faso, 'yan bindiga suka kashe musu mutum 9 a wurin ibadarsu, saboda sun ƙi barin aƙidarsu.

Za ka ce ai Sakkwato ba su da yawa. Gaskiya ne, amma halin muna da shi. Mun ga abin da ya biyo bayan kisan Malam Umaru Ɗanmaishiyya a 2007, yadda aka far wa gidajen 'yan Shi'a, mai hannu da marar hannu. Mun ga Usman Buda a mahauta a 2023, an jefe shi ba tare da alƙali ya ji ta bakinsa ba.

A Kano kuwa shekara da shekaru asibitinsu da makarantarsu suna aiki, mutane na zuwa neman magani su koma gida da imaninsu. Sashe na 38 na Tsarin Mulki da ya ba su 'yancin addini, shi ne ke kare masallacin ɗan'uwanka da ke zaune a Fatakwal ko Enugu. In muka yaga shi a nan, da wane baki za mu yi kuka a can?

Malamai, don Allah in kun yi raddi ku ƙarasa maganar: ku faɗa wa yaran nan ɗaukar doka a hannu haramun ne. Iyaye, mu riƙa jin abin da 'ya'yanmu ke saurare a waya.

Wanda ke da gyara, bismillah, amma ban da zagi. Allah Ya shirye mu baki ɗaya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.