MAKALAR MAKO: Shugabannin Ƙungiyoyinmu, Ina Lissafin Bara?

Makalar wannan mako za ta sosa ran wasu manyanmu, muna ba su haƙuri tun daga farko, amma ba za mu janye ko kalma ɗaya ba.

Daga Jega zuwa Aliero, ka gangara Maiyama, da wuya a sami abin da muka tara da yawa kamar ƙungiya. Akwai ta ci gaban gari, akwai ta matasan unguwa, ta tsofaffin ɗalibai aji-aji, ta manoman albasa da ta shinkafa, ta 'yan kabu-kabu, ta ɗalibai, har da ta marubuta irin wadda muke ciki. Kowace da shugabanta da sakatarenta da ma'ajinta, da hatimi, da takarda mai tambari, da zauren WhatsApp da ba ya barci. To a cikinsu guda nawa ce za ta iya fito mana da takarda ɗaya tak, wadda ke cewa: a farkon bara mun ce za mu yi kaza da kaza, wannan ya yiwu, wancan ya gagara, ga dalili, ga kuɗin da ya shigo, ga inda ya tafi? Kowa ya tambayi zuciyarsa game da ƙungiyar da yake biya wa kuɗin wata.

Duk mun haddace yadda shekarar ƙungiya take tafiya a wajenmu. A yi zaɓe da hayaniya. A rantsar da sababbin shugabanni, a ɗinka anko. A kai ziyarar ban girma gidan hakimi da ofishin shugaban ƙaramar hukuma, a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Daga nan sai shiru har Sallah ta matso, sai a farka a buga kalanda, a shirya taron ba da lambar yabo ga wanda ake sa ran zai zaro wani abu daga aljihu. Wa'adi ya ƙare, a miƙa wa na baya hatimi da littafin banki da babu komai a ciki, shi ma ya kama daga ziyarar ban girma. Shekara goma ana haka, ƙungiyar tana nan inda aka kafa ta, sai dai hotuna sun ƙaru.

Idan kuma wani matashi ya ɗaga hannu a taro ya ce a karanta abin da aka cimma, nan take fuska za ta canza. Sai ka ji an ce yaron nan ba shi da kunya, ko wani ne ya turo shi, ko kujerar yake so. Wannan ita ce cutar. Shugabanninmu sun ɗauki bitar aiki a matsayin tuhuma, alhali tun kaka da kakanni an san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da yake mun san za a ce wannan tsarin Turawa ne da muka kwaso a makaranta, bari mu kawo misali daga cikin gida, daga ɗan garin da kowa a nan yake alfahari da shi.

A watan Yunin 2010 aka naɗa Farfesa Attahiru Jega shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa, bayan zaɓen 2007 ya zubar da mutuncin hukumar a idon duniya. Ranar Asabar 2 ga Afrilun 2011, ranar zaɓen 'yan majalisar tarayya, mutane sun riga sun yi layi, a wasu wurare har an fara aiki, sai ga shi da tsakar rana ya fito ya shaida wa ƙasa cewa takardun rubuta sakamako ba su isa wurare da dama ba, don haka an dakatar da zaɓen. Aka ce Litinin 4 ga wata, daga baya aka sake matsar da shi zuwa 9 ga wata. Ku auna nauyin wannan. Babban zaɓensa na farko ne, duniya na kallo, masu neman ya faɗi suna jira. Hanya mafi sauƙi ita ce a lallaɓa a ƙarasa, a rubuta sakamako a duk takardar da aka samu, a bar kotu da sauran. Bai bi ta ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya biyo bayan zaɓen. Masu sa ido na gida da na waje sun ce na 2011 ya fi na 2007 nesa ba kusa ba, duk da mummunan rikicin da ya biyo bayansa wanda ya ci rayuka ɗaruruwa a Arewa. Da irin shugabanninmu ne, yabon nan ya isa a buga kalanda. Hukumar kuwa sai ta kafa kwamiti na masana daga wajenta, ta ce su bi rajistar masu zaɓe da zaɓen kansa su faɗa mata inda ta gaza. Daga irin wannan bita aka fitar da rubutaccen tsarin aiki na shekara biyar, 2012 zuwa 2016. Aka tace rajistar da ta haura mutum miliyan 73 a 2011, aka cire waɗanda suka yi sau biyu, aka shiga zaɓen 2015 da miliyan 68 da ɗoriya. Aka kawo katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi. Kuma ba a jira ranar zaɓe aka gwada na'urar ba. Ranar 7 ga Maris 2015 an yi gwaji a jihohi 12, har da nan Bunza a jiharmu.

Ba muna cewa komai ya tafi daidai ba. Zaɓen gwamnan Anambra na Nuwamban 2013 ya zo da tangarɗa har sai da aka yi na cike giɓi, kuma ranar 28 ga Maris 2015 na'urar ta ƙi karanta shugaban ƙasa Goodluck Jonathan kansa a Otuoke. Tsari ba ya hana tuntuɓe. Amfaninsa shi ne idan ka yi tuntuɓen ka san da wane dutse ka yi, ka kuma san wa aka ɗora wa kawar da shi. Yau in aka ambaci Farfesa a majalisar shayi, abin da ake tunawa shi ne yadda ya zauna shiru Orubebe yana ta faɗa a zauren tattara sakamako. Mu dai a ganinmu wannan natsuwa ba daga sama ta faɗo ba. Mutumin da ya shekara huɗu yana bin ramukan gidansa yana toshewa, ihu ba ya firgita shi.

Abin takaicin shi ne muna sa hotonsa a kalandar ƙungiya, muna kiran sunansa a jawabin maraba, amma ɗabi'ar da ta ɗaga shi mun bar ta a Abuja.

Za a ce ai hukumar zaɓe da biliyoyi take aiki, mu kuwa ɗari biyar-biyar muke tarawa. Wannan hujja a kan mai kawo ta take komawa. Mai biliyan zai iya ɓarnatar da miliyan bai ji a jikinsa ba. Wanda duk asusunsa bai kai kuɗin buhun taki goma ba, shi ya fi kowa buƙatar ya san inda kowace naira za ta tafi tun kafin ta shigo. Kuma zama a yi bita ba ya cin ko sisi, tabarma ce da littafi da biro. Hayar rumfa da kujeru da lasifika na taron lambar yabo guda ɗaya ya fi ƙarfin abin da za a kashe a bitar shekara biyar.

Mu zo kan albasa, domin a nan ne rashin tsari yake cin kuɗin talaka a zahiri. Babu wanda bai san Aliero da albasa ba. Daga nan ake lodinta zuwa Kudu da ƙasashen maƙwabta. Kuma babu yaron da bai san labarinta na kowace shekara ba: lokacin cira kowa ya fito da tasa a tare, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Mai bashin taki da man injin ban ruwa ya sayar a haka dole. Mai ɗan ƙarfi ya zuba a rumbu yana jiran ƙarshen shekara da za ta yi tsada, zafi da damina su bi ta, ranar da ya buɗe ya tarar wani kaso ya ruɓe wani ya tsiro. Wannan ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun gan shi. To muna tambayar shugabannin ƙananan ƙungiyoyin manoma na garuruwanmu: buhu nawa mambobinku suka ajiye bara, nawa suka fitar da lafiya? Wane irin rumbu ne ya fi rage asara, na wa ne, me ya yi daban? Idan ba a rubuta ba, da wace hujja za ku tunkari gwamnati ko banki ku ce a gina muku wurin ajiya, kuma mai ɗaukar buhu nawa? Jami'ar kimiyya da fasaha tana zaune a cikin Aliero tun 2006, da tsangayar aikin gona, da ɗalibai masu neman abin da za su yi binciken kammala karatu a kai kowace shekara. Ƙungiyar da ta san ciwonta da alƙaluma za ta iya shiga ta ce ga matsalarmu, a ba mu ɗalibai biyu su auna mana. Wadda ba ta sani ba sai dai ta je ziyarar ban girma.

Kada a ce manoma da 'yan kasuwa ba sa haɗuwa. A watan Yunin 2021 ƙungiyar masu albasa ta ƙasa ta dakatar da kai kaya Kudu saboda asarar da mambobinta suka yi a rikice-rikice, kuma ƙasa ta ji a jikinta. Mutanen da za su iya tsayar da manyan motoci da murya ɗaya, ƙirga buhu ba zai gagare su ba, in shugabanni sun so.

Haka batun ruwa. Ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi, shekara biyar kacal bayan shugaba Buhari ya zo jihar nan a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki, mutane da yawa na noma da bashi a wuya. Hukumar hasashen yanayi da ta kula da koguna suna fitar da hasashensu tun kafin damina kowace shekara, kyauta. Sakataren ƙungiyar manoman fadama a Jega ko Maiyama da bai taɓa karanta wa mambobinsa wannan hasashe da Hausa ba, me yake rubutawa a littafinsa?

Akwai masu rufe bakin mutum da cewa komai nufin Allah ne. Haka ne, babu mai ja. Sai dai malamanmu da suka koya mana ƙaddara su ne suka koya mana muhasaba, wato mutum ya riƙa yi wa kansa hisabi, kuma su suka karantar da mu yadda Annabi Yusuf, alaihis salam, ya tsara ajiyar shekara bakwai ta wadata domin shekara bakwai ta fari. Wanda aka damƙa wa amanar kuɗin jama'a ya ƙi ba da lissafi, kada ya laɓe a bayan tawakkali.

Abin da muke nema ba mai yawa ba ne, kuma ba ya buƙatar ɗauko wani ƙwararre daga Birnin Kebbi da na'urar haska bango. A makarantar kimiyya da fasaha an koya wa da yawanmu tambayoyi huɗu da ake yi wa kowace ma'aikata: ina ƙarfinta, ina rauninta, wace dama ke gabanta, wace barazana ke tunkaro ta. Mun rubuta su a jarabawa mun ci, to a zo a yi su a tsakar gida. Sau ɗaya a shekara a kira duk mambobi, ba 'yan kwamiti kaɗai ba. Ma'aji ya karanta shiga da fita da rasit a hannu, mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su duba. A bar ƙaramin mamba ya yi magana kafin manya, domin in shugaba ya riga ya ce komai lafiya, babu mai ƙaryata shi a gaban jama'a. Sannan a zaɓi aiki biyu, in ya yi yawa uku, na shekara mai zuwa. "Ciyar da al'umma gaba" ba aiki ba ne, domin babu ranar da za a ce an gama shi ko an kasa. A ce za a biya wa yara ashirin kuɗin jarabawar fita sakandare kafin a rufe rajista, wane ne zai tattaro sunaye, wane ne zai nemo kuɗin, ran kaza za a dawo a ji. Wannan shi ake iya kamawa a hannu. Mu marubuta ma haka: littafi nawa za a tace a buga, makaranta nawa za a kai wa gasar karatu, wa ke da alhaki.

Iyayen ƙungiya, ranku ya daɗe, ku ma akwai naku. Ku ake zuwa wa da takardar neman gudummawa, ku kuke zama manyan masu ƙaddamarwa. Duk ranar da kuka fara cewa sai an kawo muku rahoton abin da aka yi da ta bara kafin ku ba da ta bana, rabin wannan matsala ta kau a wata guda. 'Yan siyasa ba za su tambaya ba, domin ƙungiyar da ba ta da alƙibla ita ce mai sauƙin haya lokacin kamfe, a ba ta riguna da kuɗin mai ta cika fili.

Kuma ga wani abu da ya kamata ya hana mu barci. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko an aiwatar yau ko sai gobe, wa zai tsaya a sakatariyar Jega ko ta Aliero ko ta Maiyama ya ce a nuna masa kasafi da abin da aka yi da shi? Ƙungiyoyin nan ne ya kamata. To shugaban da bai iya ba da lissafin dubu ɗari biyu na mambobinsa ba, da wane baki zai tambayi ciyaman lissafin miliyoyi? Dariya za a yi masa, a tuna masa da kuɗin kalanda.

Saboda haka mu matasan da ke biyan kuɗin wata mun yanke shawara. A babban taro na gaba, kowa a ƙungiyarsa, idan sakatare ya gama karanta ajanda za mu ɗaga hannu cikin ladabi mu nemi a ƙara abu ɗaya a sama, kafin jawabin uban taro: rahoton bara, a rubuce, da kwafin da za a iya ɗauka a hoto a tura wa wanda bai samu zuwa ba. Shugaban da ya ce bai shirya ba, za mu ba shi mako huɗu, mu nemi a rubuta ranar a littafin zama.